Shekara uku ina shan maganin olsa, yanzu kuma bayan gidana ya koma baƙi

Wata 'yar uwa ce ta turo min wannan saƙon, na ɗan taƙaita shi:

"Anti barka da aiki. Ni mai ɗinki ce, shekarata 38. Kusan shekara uku kenan ina fama da olsa, zafi nake ji a ƙahon zuciya, musamman cikin dare wajen ƙarfe biyu sai ya tashe ni daga barci, in na sha madara ko na ci wani abu sai ya lafa. Ban taɓa yin gwaji ba, mai kemis ne ya ce min olsa ce ya ba ni omeprazole da wani maganin ruwa fari, in ya tashi na sha in ya lafa na ajiye. Na bar yaji, na bar lemo, wake, tumatir, duk abin da aka ce na bari na bari har na rame. Kuma saboda zaman keke bayana yana ciwo sosai, kusan kullum da dare sai na sha diclofenac, wani lokacin na haɗa da ibuprofen. Satin nan sau biyu na ga bayan gidana baƙi ƙirin mai mugun wari, in na miƙe kuma sai jiri. Maigida ya ce yunwa ce kawai da yawan tunani. Dan Allah Anti me zan ci, me zan bari, wane magani ne ya fi?"

Sannu 'yar uwa, Allah ya yaye. Zan amsa miki maganar abinci, amma ba da ita zan fara ba, don abin da kika ajiye a ƙarshen saƙonki shi ne ya tsaya min a rai. Baƙin bayan gida mai yauƙi mai wari, ga jiri in kin miƙe, ga diclofenac kullum da dare, wallahi wannan ba maganar me zan ci ba ce, maganar asibiti ce, kuma yau, ba sai kin gama ɗinkin mutane ba. Jini in ya zuba a tumbi ko a farkon ƙaramin hanji ba ya fitowa ja, asid da ƙwayoyin hanji suna narka shi a hanya, kafin ya iso ƙasa ya zama baƙi. Ba sai ya yi yawa ba ma yake canza kala, mililita 50 zuwa 100 ya isa. Amma jirin nan shi ke nuna abin ya fara taɓa yawan jinin jikinki. Gaskiya ne maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da maganin ciki mai sinadarin bismuth su ma suna baƙanta bayan gida, sai dai ke ba ki ambaci ko ɗaya ba, kuma nasu ba ya zuwa da jiri da wannan warin. Dan Allah kar ki zauna kina lissafin ko wani abu ne na ci.

Daga daren yau kar ki sake haɗiyar diclofenac ko ibuprofen. Ki tattara duk kwalaye da ledojin magungunan da kike sha, har wanda ba shi da suna, ki zuba a jaka ki tafi da su, kuma ki samu wanda zai raka ki, mai jiri ba ta tafiya ita kaɗai. In kin je kalmar farko da za ki faɗa ita ce "bayan gidana baƙi ne kuma ina jiri", kar ki fara da "ina da olsa", don in kika fara da haka wani sai ya ɗauka irin ta kullum ce ya rubuta miki magani ki koma gida. Za su auna hawan jini da bugun zuciya, su ɗebi jini su ga nawa ya rage, mai yiwuwa su sa miki maganin rage asid ta jijiya, in jinin ya yi ƙasa sosai a ƙara miki. Sannan sai gwajin kyamara, wani siririn bututu ne mai fitila da ake zurawa ta baki har tumbi, ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro ko a ɗan sa ki gyangyaɗi, yawanci ba ya wuce 'yan mintuna. Mutane suna jin tsoronsa sosai, amma da shi ake ganin gyambon ido da ido, kuma in yana zubar da jini a nan take ake iya tsayar da shi, a yi masa allura ko a ƙona jijiyar ko a maƙala ɗan ƙarfe a kai, ba sai an yi tiyata ba.

To yanzu bari mu zo kan yadda aka yi kika kawo nan. Tumbin mutum kullum yana zubo ruwa mai asid fiye da lita ɗaya, asid mai ƙarfin gaske tare da wani sinadari pepsin da ke narka nama. Abin da ya hana shi narka tumbin kansa shi ne wata majina mai kauri da ta shafe bangon, da ɗan sinadarin kashe tsami a ƙarƙashinta, da jini mai gudu sosai da ke gyara duk inda ya ƙuje. Waɗannan duka akwai masu kula da su da jiki ke haɗawa, sunansu prostaglandin. Matsalar ita ce su ɗin nan dai su ne ke kawo zafi da kumburi a bayanki, shi ya sa diclofenac ke aiki, yana hana jiki haɗa su. Amma ba ya zaɓe, in ya kashe na baya ya kashe na tumbi, majinar ta yi siriri, asid ya samu nama a fili. Ibuprofen, naproxen, piroxicam, aspirin duk gida ɗaya suka fito, haɗa biyu ba ya ƙara miki sauƙin ciwo wani abin kirki, haɗarin zubar jini kawai yake ninkawa. Kuma tunda ta cikin jini suke wannan aikin, allurar diclofenac ko wanda ake cusawa ta dubura ko mai rufin da aka ce ba ya narkewa a ciki, duk ba su tsirar da ke ba. Shan shi bayan an ci abinci yana rage ƙunar da ake ji, ba ya hana gyambo. Kinga ke in ciwon ya tashi kina shan omeprazole, da dare kina shan abin da ke tona ciwon, kamar mai ɗaure miki a ƙafa ne kullum kuma ya kwance ya goga masa yashi, ta ina zai warke.

Wani mugun abu game da waɗannan magungunan, tunda na kashe zafi ne suna iya ɓoye zafin gyambon kansa, tsofaffi da yawa ba sa jin komai sai dai kawai a ga sun yi aman jini. Wannan na faɗa ne saboda masu karatu da ke da iyaye masu ciwon gwiwa.

Sai dalili na biyu, wanda shekara uku ba wanda ya duba miki. Akwai wata ƙwayar bakteriya mai lanƙwashe-lanƙwashe, Helicobacter pylori, da ke zama a ƙarƙashin majinar tumbi. Da can likitoci sun yi imani ba abin da zai rayu cikin wannan asid ɗin, don haka aka ɗora laifin olsa a kan damuwa da yaji da yawan asid, aka yi ta yanke wa mutane ɓangaren tumbi. Wasu likitoci biyu a garin Perth na ƙasar Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka rusa wannan tunanin. Warren ya daɗe yana ganin ƙwayar a madubin likita, a 1982 suka samu suka raino ta a ɗakin gwaji, shi ma don an manta farantan ne lokacin hutun Ista suka ƙara kwanaki. Da manyan likitoci suka ƙi yarda, a 1984 Marshall ya ɗaga ruwan da ke cike da ƙwayar ya shanye, cikin kwanaki ya fara amai, aka duba aka ga tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Dabarar ƙwayar ita ce tana fitar da wani sinadari urease da ke samar da ammoniya a kewayenta ya kashe tsamin wurin, ta zauna lafiya shekara da shekaru tana raunana bangon. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, yawanci tun suna yara suka ɗauka, ta yawu ko ruwa ko hannu mara tsabta, kuma mafi yawansu ba za su taɓa yin gyambo ba, ɗaya cikin goma ne ko ɗan fiye. Amma wanda ya haɗa ƙwayar da diclofenac ya haɗa biyun da suka fi kowa kawo ciwon.

Irin ciwon da kika siffanta, wanda ke tashi in ciki ba komai, awa biyu uku bayan cin abinci ko tsakar dare, abinci ya kwantar da shi, ya fi kama da gyambon farkon ƙaramin hanji. Na cikin tumbi sau da yawa cin abincin ne ke tayar da shi. Amma wannan rabon a littafi ne ya fi kyau, a jikin mutane yana cakuɗewa, ba wanda zai iya rantse miki daga baki. Hasali ma yawancin masu cewa suna da olsa in aka sa kyamara ba a ganin gyambo, wasu ƙwannafi ne asid ke hawowa maƙogwaro, wasu tsakuwar matsarmama, wasu cikin ne kawai mai saurin jin zafi ba tare da rauni ba. Shi ya sa abin da mai kemis ya yi miki bai yi min daɗi ba, ba don ya ba ki mugun magani ba, omeprazole magani ne mai kyau, sai don ya ba ki suna kika riƙe shekara uku ba a nemi dalili ba, kuma ina kyautata zaton a wurinsa ɗin kike sayen diclofenac.

Maigida kuma ki gaishe shi, ki ce Anti ta ce yana da rabin gaskiya. Yunwa tana tayar da zafin gyambon da yake nan, damuwa ma haka, tana hana barci tana sa mutum ya ƙara jin ciwo. Amma yunwa ita kaɗai ba ta huda ciki, kuma ba ta baƙanta bayan gida. Ki nuna masa wannan saƙon, shi zai kai ki.

Maganar gwajin ƙwayar, ki kula da kyau don nan ake asarar kuɗi. Akwai na jini, shi ya fi sauƙin samu, amma abin da yake nunawa kawai shi ne jikinki ya taɓa haɗuwa da ita, ko an kashe ta zai iya ci gaba da nuna tana nan har tsawon shekaru, na san mutane da suka sha antibayotik zagaye bayan zagaye saboda wannan gwajin. Waɗanda ke nuna tana nan yanzu su ne na bayan gida, da na numfashi inda za ki sha wani ruwa ko ƙwaya ki hura a leda, da ɗan naman da ake tsinkowa lokacin kyamara. Su kuma sharaɗinsu, a bar omeprazole da 'yan uwansa sati 2 kafin gwaji, antibayotik da bismuth sati 4, in ba haka ba ƙwayar ta lafe gwaji ya ce babu alhali tana nan. Ke dai wannan sharaɗin ba naki ba ne yanzu, mai zubar jini ba ta ajiye maganin asid don gwaji. Ki dai sani cewa lokacin zubar jini gwajin yana iya yin ƙarya ya ce babu, in haka ta faru ki tambayi likita yaushe za a maimaita.

In an same ta, maganin ba ƙwaya ɗaya ba ne. Ana haɗa maganin rage asid sau biyu a rana da antibayotik aƙalla biyu, yawanci kwana 14. Haɗin da aka daɗe ana bayarwa shi ne amoxicillin da clarithromycin, amma a wurare da yawa ƙwayar ta daina jin clarithromycin, shi ya sa yanzu likitoci da yawa suka koma haɗin huɗu, maganin asid da bismuth da tetracycline da metronidazole. Wanne za a ba ki, likita ne zai zaɓa, ke aikinki ki faɗa masa gaskiya, ko penicillin yana miki ƙaiƙayi ko kumburi, wane antibayotik kika sha a baya, ko akwai yiwuwar ciki ko kina shayarwa don tetracycline ba na mai ciki ba ne, ko kina shan maganin rage kitsen jini irin simvastatin don ba ya shiri da clarithromycin. Ba zan ɓoye miki ba kwanakin nan ba daɗi, baki yana ɗaci da ɗanɗanon ƙarfe, ga tashin zuciya, wasu gudawa, bismuth kuma har harshe yake baƙantawa. Wajen kwana na huɗu na biyar zafin cikin zai tafi, a nan ne shaiɗan zai ce miki ai kin warke ajiye sauran. Kar ki ajiye. Waɗanda suka rage a lokacin su ne masu taurin kai, in kika bar su suka hayayyafa zagaye na biyu ya fi wuya ya fi tsada. Ki sa ƙararrawa a waya, ki shanye tas. In ƙuraje suka feso ko fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya ko gudawar ta yi tsanani, wannan kam a koma asibiti, ba a daurewa.

Bayan an gama da aƙalla sati 4 sai a sake gwajin bayan gida ko na numfashi a tabbatar ta mutu, wannan matakin kusan kowa tsallake shi yake yi. Amfanin duk wahalar nan, in ba a kashe ƙwayar ba fiye da rabin masu gyambon hanji yana dawo musu cikin shekara guda, in an kashe ta kuma aka bar magungunan kashe zafin nan kaɗan ne ƙwarai yake dawo wa. Ma'ana olsa ba ciwon mutu-ka-raba ba ce kamar yadda ake ɗauka. Akwai kuma wani dalilin, tun 1994 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwayar cikin abubuwan da ke jawo kansar tumbi. Ba don na tsorata ki ba, mafi yawan masu ita ba sa yi, amma dalili ne na a kashe ta in an gan ta. In gyambon a tumbi aka same shi likita zai so ya sake leƙawa bayan sati 6 zuwa 8 ya ga ya rufe, ki je, kar ki ce ai na ji sauƙi.

Omeprazole ɗinki kuma ba haka ake shan sa ba. Shi ba maganin in ya tashi a sha ba ne, yana rufe 'yan famfunan da ke zubo asid ne, kuma ya fi kama su lokacin da abinci ya tashe su, don haka ana shan sa da safe ciki ba komai, minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, a haɗiye kafson ɗungurungum ba a taunawa, kullum ba fashi. Yana ɗaukar kwana uku huɗu kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kinga mai sha yau ta bari gobe ba ta taɓa ba shi dama ba. Gyambon hanji yana son kamar sati 4, na tumbi sati 8. Esomeprazole, lansoprazole, pantoprazole, rabeprazole duk aikinsu ɗaya, kar wani ya ruɗe ki da cewa mai tsada ya fi. Ran da za a daina, asid yakan ɗan yi tsalle na sati ɗaya biyu, mutum ya zaci ciwon ne ya dawo ya koma sha har shekaru, gara a rage a hankali da shawarar likita. Shan sa shekara da shekaru ba dalili yana iya rage bitamin B12 da magnesium. Famotidine shi ma yana rage asid amma bai kai su ƙarfi ba. In kuma akwai tsohon ranitidine a durowa ki zubar, tun 2020 hukumar magunguna ta Amurka da wasu ƙasashe suka janye shi daga kasuwa saboda wani gurɓataccen sinadari da aka gano a ciki. Farin maganin ruwan nan kuwa kashe tsamin da ke ciki a lokacin kawai yake yi, sauƙin ɗan lokaci, ba ya warkar da komai, mai magnesium yana sa gudawa mai aluminium yana ɗaure ciki, kuma yana hana wasu antibayotik shiga jiki, musamman tetracycline, a ba su tazarar awa 2 aƙalla.

Toh ga abincin da kika tambaya. Abin da ya fi ba ni tausayi a saƙonki shi ne "har na rame". 'Yar uwa babu abincin da ke haifar da gyambon ciki, babu kuma wanda ke warkar da shi. Abinci yana iya tsokanar zafi ko ya bar ki lafiya, iyakarsa kenan. Jerin nan da ake yawo da shi na kar a ci wake kar a ci lemo kar a ci tumatir, kowa ya ƙara nasa, in kika bi duka sai ki wayi gari daga farar shinkafa sai ruwa, alhali jiki mai rauni da ya yi asarar jini yana buƙatar nama da kifi da ƙwai da wake da ganye don ya gina sabon nama da sabon jini. Abinci mai harza irin kayan lambu da 'ya'yan itace da hatsi da ba a cire dusarsa ba ma alheri ne ga hanji. Abin da zan ce ki yi in kin dawo daga asibiti, ki dawo da abubuwan da kika bari ɗaya bayan ɗaya, kaɗan kaɗan, ki ba kowanne kwana biyu uku, wanda ya tayar miki da zafi har sau biyu ki ajiye shi zuwa gyambon ya warke ki sake gwadawa, wanda bai yi komai ba ki ci abinki. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubutawa, don ƙwaƙwalwa tana ɗora wa abinci laifin da ba nasa ba. Barkono ba ya huda ciki amma a kan ɗanyen gyambo wasu yana musu raɗaɗi, ki rage a watannin magani. Soye-soye masu maiƙo suna daɗewa a tumbi suna kawo kumburi da gyatsa. Kofi yana ƙara asid, har wanda aka cire wa sinadarin kafeyin, shayi mai kauri da lemon kwalba mai gas su ma ki ja baya da su.

Madara ita ce na fi so ki fahimta tunda ita ce abokiyar darenki. In ta sauka tana shafe wurin ta kashe tsami na ɗan lokaci, shi ya sa kike jin daɗi, amma sinadarin calcium da furotin da ke cikinta suna sa tumbi ya sake zubo asid daga baya, sai ki farka da asuba da wani zafin. Ba ke kaɗai kika ruɗu ba, a 1915 wani likita a Amurka, Bertram Sippy, ya fito da tsarin ba masu olsa madara da kirim duk bayan awa ɗaya tare da garin kashe tsami, aka bi shi shekaru da yawa, wasu calcium ya yi musu yawa a jini har ƙoda ta taɓu. Ki sha madara a matsayin abinci in kina so, ba a matsayin magani ba, kuma ba tare da tetracycline ba don tana riƙe shi. Garin baking soda da wasu ke jiƙawa su sha shi ma ki bar shi, gishiri ne mai yawa ga gas da yake cika ciki. Zuma, ruwan kabeji, ayaba, ba na faɗa da su, abinci ne, amma ba ɗaya a cikinsu da zai kashe H. pylori ko ya tsayar da jini. Yogot mai ƙwayoyi masu amfani yana iya ɗan rage gudawar antibayotik, shi ma da tazara. Abin da nake tsoro shi ne haɗe-haɗen da ake sayarwa a gora ko a ƙulli da sunan maganin olsa ko na ciwon jiki ba a san me ke ciki ba, an sha kama irinsu da garin maganin kashe zafi ko steroid a ciki.

Tsarin cin ya fi jerin muhimmanci. Masu ɗinki na san halinku, a hau keke tun safe ba a tashi sai la'asar sannan a cika ciki dam lokaci ɗaya. Ki ci a kan lokaci, madaidaici, sau uku da ɗan abin taɓawa a tsakani in kin ji buƙata, ba sai kin yi ta ci duk awa ba don kowane ci yana kiran asid. Na dare ki gama shi awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya. Taba tana jinkirta warkewar gyambo tana dawo da shi, giya tana ƙone bangon kuma ba ta haɗuwa da metronidazole ko kaɗan, na san wataƙila ba naki ba ne, na faɗa ne don maza masu leƙowa.

Saura bayan, don in ban ba ki mafita ba na san sati biyu za ki koma wa diclofenac. Paracetamol ba ya taɓa bangon ciki, babba mai lafiyar hanta zai iya shan giram 1 a lokaci guda, tazarar awa 6, kar ya wuce giram 4 a yini, tunda kin rame ma ki tambayi likita ko a rage miki. Ki riƙa karanta bayan kwali, magungunan mura da na ciwon jiki da yawa haɗi ne, akwai ibuprofen ko aspirin ko diclofenac a ɓoye ƙarƙashin wani suna. Man shafawa na diclofenac kaɗan ne yake shiga jini, amma ke da kika zubar da jini ki bari sai likita ya amince. Gashi da ruwan ɗumi yana taimakawa, haka tashi a miƙe duk bayan minti 30 ko 40, da kujera mai jingina wadda tsayinta ya dace da keken yadda ba sai kin duƙa ba, da ɗan matashi a ƙugu. In ciwon ya ƙi, likitan gashin ƙashi ya fi miki kantin magani. Daga yanzu kuma duk asibitin da kika je, ko haƙori za a cire miki, ki ce kin taɓa zubar jini a ciki. Wanda kuma likita ya ɗora wa ƙaramin aspirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kar ya karanta wannan ya daina da kansa, ya koma a haɗa masa da maganin kare ciki. Masu shan maganin tsinka jini warfarin ko maganin kumburi prednisolone ko wasu magungunan damuwa su ma haɗa su da waɗannan na kashe zafin yana ƙara haɗarin jini.

Ki gaya wa mutanen gida alamomin da ba a jiran gari ya waye. Aman jini ko amai mai launin garin kofi, suma, zufa mai sanyi da bugun zuciya da sauri, ko ciwo ya soke ki farat ɗaya cikin ya sandare ba ya taɓuwa, wannan na ƙarshen yana nufin gyambon ya huje, tiyata ce ta gaggawa, kar a ba ki abinci ko ruwa a hanya. Amai kullum bayan cin abinci, abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji, rama ba dalili, ko ciwon ciki ya fara wa mutum sabo bayan shekara 55 ko 60, su kuma kyamara suke so ba kemis ba. Zafin ƙirji da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi da haki da gumi kuwa a fara tunanin zuciya, mata musamman ciwon zuciyarsu yakan zo kamar olsa. In gwaji ya nuna kina da ƙwayar kuma maigida shi ma yana yawan riƙe ciki, ko akwai wanda ya taɓa kansar tumbi a danginku, ki faɗa wa likita, wataƙila ya ce su ma a gwada su. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa.